Da Bakina Na Fassara Korata

Jama'a, akwai abin da ya same ni a ƙarshen shekarar 2006 wanda har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai a mota. Na tsaya gaban mutum fiye da ɗari, riƙe da makirfo, na sanar da korata daga aiki da bakina, cikin Hausa mai kyau, wanda zai aure ni kuma yana tsaye a gaba yana gyara wuyan rigarsa. Bari in ɗan koma baya saboda waɗanda yau suka fara karanta ni.

Sunana Chamsiya, ɗiyar Malam Mamane, mutanen Maraɗi. Baba ya ci cacar bizar Amurka ina da shekara goma sha bakwai, muka tattaro muka sauka a Greensboro, cikin wani gidan haya mai ɗaki biyu a bayan High Point Road. Kafet ɗinsa ruwan ƙasa ne, kujerun falo kuma har yau Mama ba ta yarda an cire musu leda ba. Baba yana aiki a wani sito a Wendover. Mama tana kitso a gida, ranar Juma'a ta toya masa, wato waina, a kai masallaci. Sau biyu Baba ya je jarrabawar zama ɗan ƙasa, sau biyu Turanci ya kayar da shi, daga nan ya ce dama shi bai ga abin da ake rububi ba. Mama ko gwadawa ba ta yi ba. Ni na je sau ɗaya na ci. Don haka duk gidanmu ni kaɗai ce ke da ƙuri'a, kuma shekara guda cur babu wanda ya tuna da haka.

Aikina a wata firamare ta gwamnati yake, kusa da gida. Ba malama ba ce ni. Ni ce wadda ake kira in uwa ta zo ba ta jin Turanci, ko an aika takarda gida an rasa mai karantawa, ko yaro ya yi zazzaɓi ana neman ubansa. Gida arba'in da ɗaya ke hannuna, 'yan Nijar da 'yan Togo da 'yan Gine, ina juya musu magana da Hausa da Faransanci da ɗan Zabarmancin da na tsinta. Albashin ba abin faɗa ba ne, amma a lakwal ɗin nan, wato makarantar, kowa ya san ni, kuma ina son aikina.

A watan Agusta aka aika wa iyaye wata takarda mai shafi biyu. Washegari ƙarfe bakwai na safe na tarar da Anti Fassouma, aminiyar Mama, a bakin ofis da tagwayenta mata, idonta jawur, wai an kori 'ya'yanta. Na zaunar da ita na karanta mata. Ba kora ba ce. Jarrabawar ƙarshen shekara ce, da ake raba sakamakonta rukuni-rukuni, rukunin yaran da ke koyon Turanci kuma ya gaza kai makin da aka yanka da yara huɗu kacal, shi ke nan aka rubuta cewa makarantar gaba ɗaya ta gaza, wanda ke so ya canza wa ɗansa wata. Anti ta share ido ta tambaye ni ko tagwayenta suna cikin huɗun. Na ce ba a faɗa. Ta ce to Allah ya rufa asiri, ta ninke takardar ta cusa a jaka. A makon nan sau talatin da wani abu na yi wannan bayanin.

To, sai Ma'aruf.

Ɗan Kano ne, Fagge, shekararsa talatin da huɗu, akanta a wani kamfanin kayan ɗaki. Dogo, mai ɗan saje, kwat ɗinsa kullum kamar yanzu aka ɗauko daga wurin guga, motarsa kuma ko ƙwayar gyaɗa ba za ka tsinta a ciki ba. A wurin wani suna muka haɗu. Ba ya iya rubuta sunana yadda muke rubutawa, kullum Shamsiyya yake sawa, ni kuma na bar shi, don har ga Allah yana min daɗi. Saƙonsa na safe ba ya wuce ƙarfe shida da rabi: "Slm. Hope kin tashi lfy. Ki gaida su Baba." Na kan buɗe wayata in karanta, in rufe, in sake buɗewa. Kada ku yi min dariya, shekarata ashirin da biyar a lokacin, kuma kowace Juma'a sai an sami matar da za ta tambayi Mama ko har yanzu shiru.

Bayan takardar nan ta Agusta ne ya fito takarar kujera a hukumar makarantun gunduma, wato mutanen da ake zaɓa su zauna su raba kuɗin makarantun gwamnati, su yanke wa za a ɗauka aiki, me za a gina, me za a rufe. Kujera ce da yawancin Amurkawa ba su ma san sunan mai ita ba. Amma a wurin Baba, surukinsa na gobe ya kusa zama minista. Haka ma yake kiransa in ba ya nan. "Minista ya bugo?" "A ajiye wa Minista nama." Ya manna fostarsa a tagar falo har hasken rana ya daina shigowa. Mata suka fitar da anko, atamfa kore mai zanen ganye. Shagunan 'yan Afirka na High Point Road babu wanda ba ka ganin fuskar Ma'aruf kusa da buhun garin rogo.

Wata Lahadi aka yi taron kamfen a falonmu, mutum ya kai talatin, wasu a kan kafet, wasu a bakin ƙofa. Ana cikin kabbara da alƙawari, Ma'aruf ya ce duk mai ƙuri'a ya ɗaga hannu. Hannu uku suka tashi: nasa, nawa, da na wani Alhaji da daga baya aka gano rajistarsa a Virginia take. Sai Baba ya juyo ya dube ni da wani irin kallo da ban taɓa gani a idonsa ba, kallon mutumin da ya gano akwai rijiya a bayan ɗakinsa. Daga ranar ko ruwa na miƙa masa sai ya sa min albarka.

Taken kamfen ɗin shi ne kowace dala ta shiga aji. Ni na juya shi zuwa Hausa da Faransanci, ni na zaɓi kalar fostar. Akwai kuma wani ɗan littafi mai shafi goma sha biyu da ya rubuta, inda ya zayyana yadda zai gyara kasafin kuɗin makarantu. Ya ba ni kwafi ɗaya tun farkon azumi. Ga gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ku: ban karanta ba. Hotonsa ne a bangon, na sa a gefen madubi, kullum ina kallo ina ɗaura kallabi. Duk azumin nan kowace Juma'a a gidanmu yake shan ruwa, in an idar da salla su shiga ɗakin Baba su rufe ƙofa. Ni da Mama muna kicin muna wanke kwanuka, tana taɓa ni da gwiwar hannu, ina sunkuyar da kai. Mu a zatonmu ranar biki ake sawa.

Kwana uku bayan Salla, ranar Alhamis, Christy ta tare ni a ɗakin shan shayin malamai. Ita ce malamar da ke koya wa sababbin yara Turanci, baƙar fata ce 'yar nan garin, shekara huɗu muna aiki tare, har ta iya cewa sannu da aiki. Ta ajiye littafin Ma'aruf a gabana a buɗe, shafi na tara, ta sa farce a ƙarƙashin wani layi. An rubuta cewa za a soke guraben aiki goma sha ɗaya na ma'aikatan tallafi da ba sa koyarwa a aji, a ɗauki malaman karatu shida da kuɗin. Na karanta na ce ai wannan ba laifi, 'yan ofis sun yi yawa. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce in juya shafi in ga sunayen guraben. Na juya. Na uku daga sama, masu fassara da hulɗa da iyaye.

Ban ji haushi ba, wallahi. Tausayinsa ma na ji. Na ce a raina, bawan Allah, akanta ne, layi kawai yake gani da lamba, bai san sunan da hukuma ta ba aikina ba. In ya ji ni ce, sai ya kusa suma. Har na fara tsara yadda zan faɗa masa a hankali kada ya ji kunya. Na tura masa saƙo cewa ina son mu yi magana kafin Asabar. Bayan awa biyu amsa ta zo: "Busy sosai wlh. Bayan taron insha Allah. Ki sa shuɗin leshin nan pls."

Na sa shuɗin leshin.

Taron na ranar Asabar ne ƙarfe biyu, a ɗakin cin abincin makarantarmu, ƙungiyar iyaye ta shirya don 'yan takara biyu su yi bayani a yi musu tambayoyi. Wurin yana warin fiza, burodin nan na Turawa mai cuku, da maganin goge ƙasa. Manya suka zauna a kan bencin yara, gwiwa kusa da haɓa. Gefen dama Amurkawa, gefen hagu koren atamfa har bango, Mama da Anti Fassouma a sahun gaba, Baba a bayansu da babbar rigar Sallarsa. Ni kuma ga leshi, ga farin gyale, ga takalmi mai tsini da ya fara cizona tun daga mota. Ƙa'idar taron ita ce 'yan takara su yi Turanci, mai fassarar makaranta ta juya wa iyaye da makirfo. Mai fassarar makaranta kuwa kun san ta.

Abokiyar hamayyar Ma'aruf ce ta fara, Misis Pruitt, wata dattijuwa daga McLeansville mai farin gashi da sarƙar lu'ulu'u. Murya mai taushi, kamar za ta ba ka alewa. Ta ce tana son kowane yaro, Allah ya gani. Amma kowa ya san dalilin da makin makarantar nan ya faɗi, yaran da ke zuwa ba Turanci ne, kuma adalci gare su da sauran shi ne a tara su a wata cibiya daban har bakinsu ya buɗe. Na juya maganarta kalma da kalma, ban rage ko wasali ba, har da Allah ya gani ɗin. Tsaki ya tashi daga gefen hagu kamar ana soya wani abu. Misis Pruitt ta yi musu murmushi, ina jin ta ɗauka yabo ne.

Ma'aruf ya miƙe. Kafin ya buɗe baki an fara tafi. Kuma ya iya magana, ba zan rage masa ba. Ya ce yaranmu ba su ne matsala ba, yadda ake kashe kuɗi ne matsala. Na juya, aka yi tafi. Ya ce cikin kowace dala, abin da ke isa aji bai kai yadda ya kamata ba. Na juya, Baba ya yi kabbara a hankali. Sai ya ɗaga littafinsa ya buɗe, na ga yatsansa ya tsaya a inda farcen Christy ya tsaya, ya karanta layin nan da Turancinsa mai santsi, ya ɗago yana jira.

Masu karatu, a cikin daƙiƙa biyun nan na yi tunanin da ya fi na shekara. Zan iya cewa zai rage ɓarna a ofis. Babu wanda zai kama ni. Amurkawan ba sa jin Hausa, matan ba sa jin wannan Turancin, shi kaɗai ke jin duka biyun, shi kuma godiya zai yi. Amma minti goma da suka wuce na juya maganar tsohuwar nan ban tausaya mata ba, kuma matan da ke kallona su ne ke miƙo min takardar likita da ta kotu su ce Chamsiya, faɗa mana gaskiyar abin da ke ciki.

Na ce, "Ya ce zai soke aikin mutum goma sha ɗaya waɗanda ba sa koyarwa a aji, a ɗauki malaman karatu shida."

Aka yi tafi. Har na saki numfashi. Sai Anti Fassouma ta karkata kai, ba ta ko ɗaga hannu ba, ta ce, "Su wane ne sha ɗayan?"

"Akwai masu fassara a ciki, Anti."

"Masu fassara kamar wa?"

"Kamar ni."

Tafin ya mutu a hannun mutane. Na kalli Ma'aruf ina jiran in ga firgicin da na tanadar masa tun Alhamis. Ban gani ba. Wuyan rigarsa kawai ya gyara.

Anti ta miƙe da ƙyar daga bencin yara, ta buɗe jaka, ta zaro takardar nan ta Agusta da ta yi laushi don ninki, ta ɗaga masa. Da Hausa ta yi masa magana kai tsaye, ta ce shi ɗan gida ne, ba sai an yi masa tafinta ba: in an sallami yarinyar nan, shi zai riƙa zuwa ƙarfe bakwai na safe ya karanta musu irin wannan? Shugaban taron, wani Bature mai jan gemu, ya ce don adalci a juya tambayar kowa ya ji. Na juya ta zuwa Turanci. Ma'aruf kuma, wanda a falonmu yake cin tuwo yana ba da labarin Fagge, ya amsa wa Anti da Turanci, yana kallon gefen dama. Ya ce akwai layin waya da ake biya da minti, ya fi araha. Ya ce kuma al'ummarmu tana da mata masu ilimi da kishi waɗanda za su yi wannan hidima a matsayin sa-kai.

Na juya mata. Da na zo kan sa-kai na ce kyauta, don shi ne ma'anarsa.

Anti ta yi lissafinta, sannan ta ce, "Wato ita ɗin dai, amma ba albashi."

Mai jan gemu ya dube ni. Ba yadda zan yi, na mayar da wannan ma Turanci. Gefen dama ya fashe da dariya, Christy ta rufe baki da hannu, Misis Pruitt kuma ta ciro biro ta rubuta wani abu a takardarta cikin natsuwa. Na saci kallon Baba, ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. Mama ko motsi ba ta yi ba, hannunta biyu a kan cinya, tana kallon Ma'aruf kamar yadda take kallon kan da za ta yi wa kitso.

Bayan an tashi na same shi a wurin ajiye motoci yana saka ragowar fosta a but. Rana tana nan da sauranta, ganyen bishiyoyi ya yi ja yana zuba a kan motoci. Na cire takalmin na riƙe a hannu don ba zan iya ba kuma. Bai juyo ba ya ce na iya zaɓen kalma.

Na ce, "Ka san ni ce a layin nan?"

"Na sani mana, Shamsiyya. Ni na rubuta."

"Tun yaushe?"

"Tun Agusta."

Ya rufe but ɗin ya jingina, ya yi min bayani a hankali, irin yadda nake yi wa iyaye. Ya ce in ya cire na wasu ya bar nawa, gobe jarida za ta ce ɗan takara ya kare aikin budurwarsa. Ya ce malaman karatu shida za su iya ɗaga yaran nan huɗu da ma arba'in, kuma in maki bai tashi ba, irin su Misis Pruitt ne za su kwashe yaranmu su kai bayan gari. Ya ce ni kuma me zan yi da wannan ɗan albashin bayan biki, abin da yake samu ya ishe mu, in ina son taimakon mata sai in yi daga gida in sami lada. Abin haushin shi ne rabin maganarsa gaskiya ce, na kuma san gaskiya ce. Da a ɗakin shayi wani ya kawo min ita, wataƙila da na gyaɗa kai.

Na tambaye shi me ya hana ya faɗa min. Ya yi mamakin tambayar da gaske.

"Ai na faɗa. Mun gama maganar da Baba tun cikin azumi."

Sai na tuna ƙofar nan da ake rufewa, da ni da Mama a kicin muna murmushi a kan kumfar sabulu. Na juya masa baya. Na taka da safa har motata.

A gida Baba bai ko cire babbar riga ba. Ya ce na kunyata ɗan mutane a gaban Nasara, yaron da ya zo da mutunci ya nemi shawararsa kafin ya rubuta ko harafi. Na ce Baba, aikina ne. Ya ce aikin mace na ɗan lokaci ne, kuma shi da ya haife ni ya amince, to sai wa? Ya ƙara da cewa Lahadi mai zuwa kawun Ma'aruf zai taso daga Raleigh da goro a yi gaisuwa, kuma tunda an buɗe jefa ƙuri'a tun kafin ranar zaɓe, kafin Lahadin yana so in je in jefa wa yaron nan ƙuri'ar gidan nan, ko a wanke abin da bakina ya ɓata. Ƙuri'ar gidan nan, haka ya ce. Na ce to, Baba.

Na shiga ɗaki na zauna da leshin a jikina. Ga zaɓin da ƙasar Amurka ta ba ni bayan na haddace tambaya ɗari na ci jarrabawarta: ko in zaɓi matar da za ta kwashe yarana ta bar min aikina, ko in zaɓi mutumin da zai bar yarana ya kwashe aikina, ya kuma aure ni a kan haka. Na ɗauko littafin daga gefen madubi na karanta shi tun daga shafin farko har na ƙarshe. Ko kuskuren rubutu ɗaya babu.

Mama kuwa ta ci gaba da harkokinta. Ta yi kitso biyu ranar Lahadi, ta dafa shinkafa da miyar gyaɗa, ta ninke ankon ta sa a ƙasan akwati. Ma'aruf bai turo saƙon safe ba ranar Lahadi, bai turo ranar Litinin ba. Na buɗe wayar nan ya fi sau hamsin.

Litinin na taso aiki ƙarfe uku, na tarar da Mama a shirye da gyale da jaka, wai in kai ta ta sayo kuɓewa. Mun hau titi ke nan ta ce ba can ba, in kai ta inda ake jefa abin nan. Na dube ta, tana kallon gaba. Na juya mota zuwa cibiyar wasannin unguwa inda aka buɗe rumfar zaɓe. Bakin hanya cike da allunan 'yan takara, na Ma'aruf guda uku a jere, kalar da na zaɓa. Na kashe mota muka zauna.

Ta ce, "In mutum ya shiga, ana ganin wanda ya zaɓa?"

"A'a, Mama."

"Ko babanki?"

"Ko shi."

"Ko shi yaron, in ya ci?"

"Babu mai gani."

Ta gyaɗa kai kamar an faɗa mata farashin da ya yi mata. Na tambaye ta wa take so in zaɓa. Ta ce ita mi ta sani, ita da ko sunanta sai an nuna mata inda za ta dangwala. Shekara takwas, in ji ta, duk takardar da ta shigo gidan nan sai ta jira na dawo daga lakwal ko daga aiki kafin ta san ko ta kuka ce ko ta dariya. Daga nan ta ce in shiga kada a rufe, ta kwantar da kujerarta baya.

Layin ba shi da tsawo, tsofaffi ne yawanci, wata da sandar tafiya, wani da hular tsoffin sojoji. Na tsaya a bayansu da katina a hannu, kuma wallahi har lokacin ban san sunan da zan taɓa ba. Saura mutum biyu a gabana wayar ta yi rawa a jaka. Shi ne. Saƙo mai tsawo, har ya rabu biyu.

"Mama ta kira ni da safe a office. Ta ce in kawu zai zo Lahadi ya taho da page 9 a yage a kan goron, in ba haka ba kada ya ƙona man motarsa. Ta ce Baba ya ba da ɗiya amma ita ta haifa. Shamsiyya ke kika sa ta?"

Na karanta sau biyu. Mama, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban Baba ba, wadda ba ta da lambar kowa a kai sai tawa. Sai na tuna lambar ofishinsa tana ƙasan fostar da ke tagar falo, manya-manya, kuma lamba dai Mama ta iya karantawa.

Na leƙa ta gilashin ƙofa. Tana nan a mota, ta sauke madubin gaba tana gyara ɗaurin kallabinta, hankali kwance. Matar da ke kan tebur ta yi min alama da hannu cewa layi ya zo kaina, ta nuna min takardar da ke bango mai cewa a kashe waya. Na sa yatsa zan kashe ke nan ta sake yin rawa a tafin hannuna. Wannan karon ba saƙo ba ne, kira ne, kuma sunan da ke kan gilashin Baba ne.